Yadda Ake Ba da Ɗa a Wasan Ces Ba Tare da an Yi Kyautar Banza Ba

Akwai wani dattijo, tsohon malamin lissafi, da muke buga ces da shi bayan la'asar a gindin wata darbejiya a Birnin Kebbi, dab da teburin mai shayi. Ranar da na fara zama gabansa kaina a kumbure yake, domin na kwana biyu ina bin wasannin Mikhail Tal, tsohon zakaran ces na duniya, a waya. Wasa bai yi nisa ba na ɗauki giwata na ci sojansa na h7, na ce "cek", wato sarkinsa na cikin hari, da ƙarfi har mai shayi ya waiwayo. Sarkinsa ya cinye giwar. Na jefa doki g5, sarki ya koma g8, na kai sarauniya h5, sannan na jingina da benci ina jiran a tafa mini. Dattijo ya kurɓi shayinsa, ya ɗauko giwarsa daga c8 ya ajiye ta a f5. Shi ke nan, gidan h7 ya samu mai gadi. Hari ya mutu, giwata kuma ta tafi.

Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wagga kyauta taka Allah shi saka da alheri. Amma mi kas saya da ita?"

Tambayar nan ita ce dukan maganar. Ba da ɗa a ces ciniki ne. Kana biyan kuɗi hannu da hannu, don haka tilas ka san abin da za a miƙo maka kafin ka buɗe aljihu. Mu masu buga wasan a bakin titi, a ɗakunan kwanan ɗalibai ko a waya, yawancinmu biya muke fara yi, sannan mu tsaya tambayar me ake sayarwa.

Kafin mu shiga, mu daidaita suna. Zan ce sarki, sarauniya, hasumiya, giwa, doki da soja. Giwa ita ce wadda wasu ke ce wa bishof. Larabawa da giwa suke kiranta, ni ma bakina ya fi sabawa da haka. A rubutun motsi kuwa zan bi haruffan da za ka tarar a kowace manhaja: K sarki, Q sarauniya, R hasumiya, B giwa, N doki, x alamar ci, + alamar cek, # kuma wasa ya ƙare. Ƙaramin harafi da lamba, kamar h7, sunan gida ne a allo, soja ba shi da harafi, O-O da O-O-O kuwa shigar sarki lungu ne tare da hasumiya. Ka ɗauko allo ka jera 'ya'ya, don wannan ba karatun kwance ba ne.

Mataki na farko: ka san farashi

Soja 1, doki 3, giwa 3, hasumiya 5, sarauniya 9. Kowa ya haddace wannan, amma kaɗan ne ke yin ragi da tarawa a lokacin da jini ya hau. Idan ka ba da doki ka ci sojoji biyu, bashin da ke kanka 1 ne kacal. Idan ka ba da hasumiya ka karɓi doki, bashinka 2. Idan ka ba da giwa a kan soja guda, 2 ne ma. Faɗa wa kanka adadin a zuci kafin ka taɓa komai. Girman bashin shi zai gaya maka irin tabbacin da kake bukata: bashin soja guda ana iya ɗaukarsa a kan kyakkyawan zato, bashin sarauniya kuwa sai ka ga mutuwar sarki da idonka.

Mataki na biyu: ka duba ko ƙasa ta jiƙa

Manomin shinkafa a fadamar Argungu ba ya watsa iri don kawai yana jin ƙarfi a jikinsa. Yana duba ƙasa tukuna. Haka ma allo yake nuna alama idan hari ya nuna, kuma alamomin ba ɓoyayyu ba ne.

Ka fara da sarkin abokin wasanka. Yana tsakiyar allo har yanzu bai shiga lungu ba? Sojojin da ke gabansa sun matsa sun bar ƙofa a buɗe? Dokin da ya saba zama f6 yana gadin h7 ya bar wurin? Sai ka yi ƙidaya, kuma ƙidayar nan ta fi kowace dabara amfani ga irinmu. 'Ya'yanka nawa ne za su iya isa unguwar sarkin cikin motsi ɗaya ko biyu? Nasa nawa ne za su iya dawowa tsaro cikin wannan lokacin? Wanda za ka bayar kada ka sa shi a lissafi, don shi ya riga ya tafi. Idan bayan ka cire shi maharanka ba su fi masu gadinsa yawa ba, ajiye maganar, ka ƙaro ɗa tukuna. A ganina sarauniya da ɗa guda ba su cika isa ba. Uku ne ke kashe sarki: ɗaya ya fasa ƙofa, biyu su shiga.

Ɗan da ke zaune a gidansa na asali bai taɓa motsi ba, ko wanda aka ɗaure ba ya iya gusawa don sarki ko sarauniya na bayansa, wannan ba mai gadi ba ne, ɗan kallo ne. Babu wasan da ya nuna haka kamar wanda Paul Morphy, ɗan Amurka, ya buga a gidan wasan opera na birnin Paris a 1858, inda Duke na Brunswick da Count Isouard suka haɗa kai a kansa:

1.e4 e5 2.Nf3 d6 3.d4 Bg4 4.dxe5 Bxf3 5.Qxf3 dxe5 6.Bc4 Nf6 7.Qb3 Qe7 8.Nc3 c6 9.Bg5 b5 10.Nxb5 cxb5 11.Bxb5+ Nbd7 12.O-O-O Rd8 13.Rxd7 Rxd7 14.Rd1 Qe6 15.Bxd7+ Nxd7 16.Qb8+ Nxb8 17.Rd8#

Tsaya a motsi na 9 ka yi ƙidayar da na faɗa. Morphy yana da sarauniya, giwaye biyu da doki a fili, hasumiyoyinsa kuma motsi ɗaya ya rage su shigo. Baƙi fa, wato ɓangaren abokan wasansa? Sarauniyarsa ta toshe wa giwarsa hanya, dokin f6 a ɗaure yake, sarki yana tsakiya. Dokin da Morphy ya bayar a motsi na 10 ya karɓi sojoji biyu a kansa, ya kuma buɗe hanya zuwa ga sarki. Mutane sarauniyar da ya bayar a motsi na 16 suke yabo, ni kuwa motsi na 14 ne ke burge ni: ya ba da hasumiya guda, nan take ya jawo ta biyu ta maye gurbinta. Da wasa ya ƙare, hasumiya da giwa kaɗai suka rage masa banda sojoji, Baƙi kuma yana riƙe da sarauniya, doki, giwa da hasumiya. Sai dai giwar f8 da hasumiyar h8 ko sau ɗaya ba su motsa ba. Dukiya ce a rumbu, mai ita ya kwana da yunwa.

Mataki na uku: ka lissafa abin da ke tilas

Lissafi a ces ba hangen motsi goma ba ne. Bin hanyar da abokin wasa ba shi da zaɓi ne. Don haka ka jera motsinka bisa ƙarfin tilastawarsu: cek da farko, sannan ci, sannan barazanar da ba a iya kawar da kai daga gare ta. Kowane cek da ke kan allo ka dube shi, ko da ya yi kama da hauka. Dubawa kyauta ce.

A kowane motsi ka tambayi kanka amsoshi nawa yake da su. Idan cek ne, hanyoyin uku ne kawai: sarki ya gusa, a sa wani ɗa a tsakani, ko a cinye mai cek ɗin. Bi su ɗaya bayan ɗaya, ka fara da wadda ba ka so ya gani. Nan ne muke faɗuwa. Zuciya tana son ta nuna maka hanyar da abokin wasa zai yi wauta, ta rufe maka wadda zai yi hankali. Kuma kada ka tsaya da lissafi a kan motsinka mai daɗi. Ka tsaya bayan amsarsa, lokacin da ƙura ta lafa, babu cek babu ci, sannan ka ƙirga abin da ya rage wa kowa.

Ga misalin cinikin da babu zato a cikinsa, wanda yake rubuce tun 1497 a aikin Lucena ɗan ƙasar Sifen. Sarkin Baƙi yana g8, sojojinsa a g7 da h7, babu soja a f7, hasumiyarsa tana can a8. Kana da doki a g5 da sarauniya mai iya zuwa e6. Qe6+ Kh8, don in ya je f8 sarauniya ta sauka f7 an gama. Nf7+ Kg8, sai Nh6, cek biyu lokaci guda daga doki da sarauniya, wanda ba shi da magani sai gudu. Kh8, sai Qg8+. Sarki ba zai iya cin ta ba don doki na tsare da ita, dole hasumiya ta ci. Nf7#. 'Ya'yansa ne suka shaƙe shi. Ka ba da 9, amma ba ka yi kasadar ko sisi ba, domin kowane motsi tilas ne.

Irin wannan daban yake da bayarwar da ba ka ga ƙarshenta ba, wadda kake dogaro da cewa matsin zai haifar da wani abu. Ita ce sana'ar Tal, mutumin Riga da ya doke Botvinnik ya zama zakaran duniya a 1960 yana da shekara 23. Daga baya masu nazari sun gano cewa wasu hare-harensa suna da magani, sai dai abokan wasansa sun kasa samo shi agogo na tafiya. Shawarata ga mai koyo: irin ta farko ka yi ta duk inda ka gan ta. Irin ta biyu kada ta wuce soja guda, ko hasumiya a kan doki, har sai idonka ya buɗe.

Mataki na huɗu: in ya ƙi ci fa?

A darar dam da muka saba, an wajabta ci. A ces ba haka ba ne, kuma wannan bambancin ya kayar da mutane da yawa da suka baro waccan suka shigo wannan. Masunci yana sa tana a ƙugiya, amma kifi yana da ikon ya shinshina ya wuce.

Dubi tarkon da ake jingina wa Légal, ɗan wasan Faransa na ƙarni na 18: 1.e4 e5 2.Nf3 d6 3.Bc4 Bg4 4.Nc3 g6 5.Nxe5. Fari ya saki sarauniya. In Baƙi ya yi kwaɗayi, 5...Bxd1 6.Bxf7+ Ke7 7.Nd5#. In ya ƙi, ya ci doki da 5...dxe5, sai 6.Qxg4, Fari ya tashi da ribar soja. Ko ta ina ciniki ya yi kyau.

Yanzu sauya abu guda. A ce a motsi na 4 Baƙi Nc6 ya buga maimakon g6. Wanda ya haddace tarkon ba tare da ya fahimce shi ba zai sake buga 5.Nxe5, sai Baƙi ya amsa da 5...Nxe5. Dokin nan yana tsare giwar g4, sarauniya ba ta isa ta ci ta ba, Fari ya yi asarar doki a kan soja. Gyaran kuwa ɗan ƙarami ne: ka fara buga 5.h3. In giwa ta ja baya zuwa h5, to yanzu 6.Nxe5 ya halatta, domin 6...Nxe5 7.Qxh5 Nxc4 8.Qb5+ yana dawo maka da dokinka, da ribar soja a sama. Motsin soja guda ne tsakanin gwaninta da abin kunya.

Mataki na biyar: harin h7, daki-daki

Zan daɗe a nan, don shi ne harin da za ka fi samun damarsa, shi ne kuma ya kunyata ni. Tsoho ne ƙwarai. Gioachino Greco ɗan Italiya ya rubuta shi wajen 1620:

1.e4 e6 2.d4 Nf6 3.Bd3 Nc6 4.Nf3 Be7 5.h4 O-O 6.e5 Nd5 7.Bxh7+ Kxh7 8.Ng5+ Bxg5 9.hxg5+ Kg6 10.Qh5+ Kf5 11.Qh7+ g6 12.Qh3+ Ke4 13.Qd3#

Lura da shirin da aka yi kafin giwa ta faɗa. Sojan e5 ya kori doki daga f6. Sojan h4 yana jiran giwar e7 ta ci doki a g5, don ya rama ya buɗe wa hasumiyar h1 hanya. Sojan Baƙi na e6 ya rufe giwarsa ta c8, ba ta iya zuwa f5. Wannan na ƙarshen shi ne abin da ban duba ba a gindin darbejiya: dattijon ba shi da soja a e6, hanyar giwarsa a buɗe take tun daga c8.

Saboda haka kafin ka ci h7 ka tabbatar da abubuwan nan. Dokinka zai sauka g5 ba a cinye shi a banza ba. Sarauniyarka tana da hanya zuwa h5. Babu ɗan Baƙi da zai iya tsare h7 a motsi guda, ko doki ta f6, ko giwa ta f5, ko sarauniya ta karkataccen layin da ya bi ta f5 zuwa h7.

Sannan ka bi sarki ƙofofinsa uku bayan Ng5+. In ya koma g8, sai Qh5, dole ya matsar da hasumiya don ya samu hanyar gudu. Daga nan: Re8, Qxf7+ Kh8, Qh5+ Kg8, Qh7+ Kf8, Qh8+ Ke7, Qxg7#. Amma wannan ƙarshen sai in sarauniyarsa na d8, wani ɗansa ya toshe d7, sojanka na e5 kuma yana tsare d6. In ɗaya ya kauce, sarki zai sulale. In ya fito h6, duba giwarka ta c1: muddin hanyarta a buɗe take, doki na gusawa cek ya tashi, sau da yawa har da sarauniyarsa a ciki. Ƙofa ta uku, g6, ita ce mai wuya, ita ce kuma ba ma son lissafawa don tana kama da ganganci. Gwanaye kuwa ta nan suke tsira. Amsoshin da aka saba gwadawa su ne Qg4, ko Qd3+, ko tura soja h4 da niyyar h5+. In ba ka ga ci gaba mai gamsarwa a kan Kg6 ba, ba ka gama lissafi ba, kada ka taɓa giwar. Dokar wasa ta ce ɗan da ka taɓa shi za ka motsa, kuma dattawan benci sun fi alƙalan gasa tsanani a kan wannan.

Bayan ka biya

Da ɗa ya tafi, lokaci ya zama abokin gabarka. Duk motsin da ka yi na sanyi, shi kuma ya dawo da mai gadi guda. Kada ka tsaya tsintar sojoji a gefen allo don rage asara, kada kuma ka yarda a yi musayar sarauniya, don ita ce wutar harin. In cek ya ƙare, ka nemi ɗan da bai shigo ba tukuna ka kawo shi da barazana, kamar yadda Morphy ya yi.

Ka kuma san ƙofar fita tun kafin ka shiga. Sau da yawa in hari ya ƙi, sarauniya tana iya yi wa sarki cek ba ƙaƙƙautawa, matsayi ɗaya ya maimaitu sau uku, a tashi kunnen doki. In ka ga wannan a lissafinka, kasadar ta ragu sosai. Rabin maki ba abin raini ba ne ga wanda ake bin sa bashin giwa.

Agogo ma yana da bakin magana. A wasan minti 3 ko 5, mai tsaro ya fi shan wuya, don haka hari mai ɗan rauni yakan yi aiki. A wasan minti 15 zuwa sama, ko a benci inda babu agogo sai kiran magariba, za a zauna a warware maka shi. Kuma in kai ne ke gaba da doki ko hasumiya, me ya kai ka neman ado? Yi musaya, rage 'ya'ya, ka ci wasanka shiru.

In kai aka miƙo wa

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kafin ka ci ɗan da aka ajiye maka a baki, tambayi kanka cek nawa zai biyo baya, kuma wace hanya cin zai buɗe. In ka duba ba ka ga komai ba, ci abinka. Rabin kyautar da ake yi a matakinmu kuskure ne da aka yi wa rawani. Kada fuskar mutum ko ƙarar da ya buga ɗan a allo ta tsorata ka. In ka ci kuma wuta ta taso, ka tuna kana da abin mayarwa: ba da soja, ko ma dokin gaba ɗaya, in hakan zai kashe harin ya bar ka da matsayi mai kyau.

Wani lokaci maganin tun kafin a kai ga kyautar yake. Kowa ya taɓa shan wannan a intanet: 1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Bc4 Nf6 4.Ng5 d5 5.exd5 Nxd5 6.Nxf7 Kxf7 7.Qf3+ Ke6, sarki ya fito tsakar kasuwa yana kare dokinsa. Harin soyayyiyar hanta ake ce masa. Ana iya tsira, amma da gumi. Mafi sauƙi kada ka rama ci a motsi na 5, buga 5...Na5 ka kori giwar c4, ka yarda da rashin soja guda, kai kuma 'ya'yanka su riga nasa fitowa.

Abu na ƙarshe da zan ce ka saba da shi: rubuta motsin wasanka, ko a bayan takardar mai shayi ce. Da dare ka jera matsayin da ka ba da ɗa, ka nemi tsaron da ya fi kyau da kanka na minti goma, sannan ka shigar da shi Lichess, shafin ces na intanet wanda kyauta ne kuma injin Stockfish na cikinsa zai nuna maka inda lissafi ya karkace. Kada ka fara da injin, don amsar da ba ka sha wuyar nema ba ba ta zama a kai. Ni da na shigar da wasana da dattijon, sai na ga ashe ba a h7 kaɗai na yi kuskure ba. Motsi biyu kafin nan akwai wani sojansa a gefen hagu da babu mai tsaron sa, ina ta kallon sarki ban ko gan shi ba. Washegari na gaya masa, ya ce shi ma ya gani tun a lokacin, yana dai addu'ar kada in waiwaya hagu.